Alhamis Ɗin da Rana Ta Ƙi Faɗuwa

Tun da muka dawo daga Japan ban huta ba. In na zauna a dakalin Ƙofar Kuyambana, kafin in ɓare goro wani ya ce, "Sule, wai awa nawa ne daga nan zuwa can?" In na je ɗaurin aure ita ce tambayar, in na je jana'iza ma sai an matso an yi mini raɗa. Ni kuwa duk cikin tambayoyin duniya ita ce wadda take tayar mini da tsikar jiki. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in ci gorona. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma ban kai ƙarshe ba, malamin ya kore ni don na sace masa iskar keke. Saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace ya daidaita shi da kansa. Ni bango na iya daidaitawa.

Ba ni aka gayyata ba, Baba Tanimu aka gayyata, maigidana a sana'ar gini. Ina ɗan saurayi aka kai ni wurinsa, ina cuɗa ƙasa ina miƙa tubali. Yau ni ma furfura ta gama da ni, amma har gobe in ya ce "kai yaron nan" sai na waiwaya. Matarsa, Inna Dije, ita ta ciyar da ni duk shekarun koyo, kuma ita ta raɗa mini suna Dogon Hannu, don ba ta taɓa ajiye abu mai zaƙi a ɗaki ta dawo ta same shi cif ba. Mace ce mai son dabino. In ta ci, sai ta tsotse ƙwallon tas, ta jera su a bakin tabarma kai da kai, kamar mai jera tubali. Allah ya yi mata rasuwa shekaru da dama da suka wuce.

Tun daga rasuwarta, duk ranar Alhamis in rana ta faɗi, daren Juma'a ya shiga, Baba zai yi magariba ya fito ƙofar zaure da 'yan dabino a hannu, ya ba duk wanda ya fara wucewa, sadaka, ladan ya kai mata. Shi ba ya ci, haƙoransa sun daɗe da yin sallama da shi. A daren kuma sai ta zo masa a mafarki. Ba ta dogon zance. Ta zauna a ƙarshen tabarma, ta dube shi, ta ce, "Malam, ka ci abinci?" Shi ke nan. Liman ya taɓa ce masa mafarki ai mafarki ne. Baba ya ce ya sani, amma dai ba ta taɓa yin fashi ba.

Wanda ya kai mu wani mutumin Japan ne da ya yi rani biyu yana yawo cikin birni yana awon tsofaffin gidaje. Muna ce masa Malam Sannu, don farkon zuwansa har akuya yake gaisarwa. Daga baya Hausa ta zauna a bakinsa. Shi ya dawo ya ce a ƙasarsu akwai wani fili da ake tara gidajen duniya don mutane su zo kallo, kuma suna son soro irin na Zazzau. Damina ta kawo kai, gini ya tsaya a gida, Baba ya amince. Sharaɗinsa ɗaya: ba zai je ƙasar da ba shi da wanda zai zaga da Hausa ba. Haka na samu kujera.

Ran Laraba muka bar Zariya. Motar ta yi faci kafin Kwanar Ɗangora, na sauka na taya direba da baki. Jirgin Kano zuwa Landan ba ni da labarinsa, don da ya ɗaga na runtse ido na ƙanƙame hannun wani Bature da ban sani ba, ban sake shi ba sai da barci ya ɗauke ni. An ce awa shida muka yi. Baturen dai bai yi mini sallama ba da muka sauka.

A Landan aka tare mu saboda buhun makuba, garin ɓawon ɗorawar nan da muke yaɓe bango da shi don kada ruwa ya ci. Kare suka kawo ya shinshina, ya yi atishawa, ya ja da baya. Jami'in ya dube ni ya yi magana ta hanci. Ni kuwa don in fahimtar da shi sai na tofa yawu a tafi, na ɗebi garin na soma shafa wa bangon ofishinsa. Da Malam Sannu bai iso a guje ba, da yanzu daga kurkukun Ingila nake rubuto muku. Baba bai ko kula ba. Hannunsa na kan aljihun gaba, inda 'yar jakar fatar dabinon take. Ya ce, "Yau Alhamis. Duk inda magariba ta same mu, nan zan bayar."

Muna jiran jirgi na biyu Malam Sannu ya fiddo lemo ya ce wannan ita ce duniya. Ya ce miƙaƙƙiyar hanya ta kan Rasha take, amma Rasha ta rufe samanta, don haka sai mun hau ta ƙoƙon kan duniya, mu sauka wani wuri da ake kira Alaska a sha mai, sa'an nan mu gangara Tokiyo. Ya ce nisan ya kai Zariya zuwa Kano sau tamanin, awa tara zuwa Alaska, bakwai da wani abu zuwa Tokiyo. Ya ɗora da wani bayani kan rana, yana juya lemon yana zagaya shi da yatsa. Baba yana jan carbi, ni kuwa hankalina na kan lemon. Da ya gama na karɓa na ɓare na shanye. Wannan bayanin da ban saurara ba shi ne duk labarin.

Muka yi azahar muka shiga, jirgi ya tashi wajen ƙarfe ɗaya. Baba a taga, ni kusa da shi. Aka kawo abinci cikin 'yan kwanoni kamar na wasan yara. A gefe na ga wani ɗan kore a dunƙule, na ce Allah sarki, ashe har nan an san kuka. Na lakata duka na kai baki. Jama'a, ban san wuta tana bi ta hanci ta fita ta ƙeya ba sai ranar. Hawaye na zuba, Baba ya ce, "Ƙara, ai kyauta ne."

Dariyar ƙarshe ke nan da ya yi cikin watanni.

Agogona ya nuna la'asar, muka yi a zaune. Ya nuna shida, ya nuna bakwai. Baba ya fiddo jakar ya riƙe a cinya, ya leƙa taga. Rana na nan a saman fiffike inda muka bar ta. Ya ce agogona na banza ne, na ce ƙwarai, a Sabon Gari na saya. Muka jira. Can sai 'yan matan jirgin suka bi suna sauke marufan tagogi, suka kashe fitilu, suka raba barguna. Wai dare suka yi mana, na hannu. Mutane kuwa suka yarda. Na miƙe na duba gaba da baya, ɗaruruwan mutane a jere, kowa lulluɓe da bargo iri ɗaya, baki a buɗe, ba mai motsi, sai kukan injin. Na taɓa ganin jeri irin wannan sau ɗaya a rayuwata, shekarar da ciwon amai da gudawa ya shigo birni, kuma ba barci suke yi ba.

Baba ya ɗaga marufin tagar kamar faɗin yatsa biyu. Haske ya shigo kamar wuƙa. Na leƙa ta kafaɗarsa. Ba itace, ba hanya, ba hayaƙi, ba tsuntsu. Fari fat har iyakar gani, kamar an lulluɓe duniya da likkafani an manta ba a binne ta ba. Rana kuma a tsaye tana kallonmu.

Ya ce a hankali, "Sule, ba ta motsa ba."

Na ce, "Baba, ƙila nan haka take, sai ta ga dama."

"Ka taɓa jin inda rana take ganin dama?"

Ni na bi agogo na yi magariba da lisha. Na ce wa Baba shi ma ya yi, matafiyi yana da sauƙi. Ya ce sallar zai rama in Allah ya so, amma shi bai taɓa ba da sadakar Dije rana na kallonsa ba, ba kuwa zai fara a sama ba. Sau uku wata yarinya tana zuwa tana rusunawa tana sauke marufin, tana juya baya yana ɗagawa.

Da muka sauka Alaska na dubi agogon bango. Ƙarfe ɗaya. Ƙarfe ɗaya muka tashi, mun yi awa tara a zaune har gindi ya mutu, mun sauka ƙarfe ɗaya. Na ce wa Malam Sannu agogonsu ya tsaya. Ya ce a'a, daidai yake. A tsakiyar ɗakin jiran akwai wata dabba fara a tsaye da ƙafa biyu cikin akwatin gilashi, ta fi ni tsawo nesa, baki a wangame, hannu a ɗage. Matacciya ce, an cusa mata tsumma, amma duk inda ka koma idonta na kanka. Baba ya wuce ta ya je jikin gilashin waje, ya daɗe yana duban inuwar wani mai zuba mai. Baba kuwa duk rayuwarsa da inuwa yake sanin lokaci. Ya dawo ya ce, "Wannan ba inuwar azahar ba ce, ba ta la'asar ba ce. Ba ta wani lokaci da na sani ba ce."

Muka sake shiga. Aka sake yi mana daren hannu. Baba bai runtsa ba, jakar na hannunsa, yatsa biyu a jikin taga. Rana ta ɗan sunkuya kaɗan, kamar mai jin kunya, amma ba ta faɗi ba. Haka muka sauka Tokiyo da hasken la'asar.

Muna layin duba fasfo Malam Sannu ya juyo da fara'arsa ya ce, "Sannunku da zuwa. Yau Juma'a."

Baba ya ce, "Alhamis."

"Juma'a ce, Baba. Mun tsallake wani layi a kan teku, in an tsallake shi sai a shiga gobe."

"Daren fa?"

"Wane dare?"

"Daren Juma'a. Tsakanin Alhamis da Juma'a akwai dare. Ina yake?"

Malam Sannu ya duba ko'ina kamar mai neman wani lemon. Ya ce, "Ba mu bi ta cikinsa ba."

Baba ya mai da jakar aljihu. Da rana ta faɗi a ƙarshe muna cikin mota, kuma daren Asabar ne.

Bari in ba ku na ƙasar kaɗan, don na san wasu shi suke jira. Masaukinmu ɗaki ne shimfiɗe da tabarmi, a ƙasa ake kwana, a ƙofa ake cire takalmi, har na ce ashe 'yan'uwa ne. Amma bayan gida takalminsa daban, kuma ranar farko da shi na fito har gaban mai masaukin, tsohuwa ta dafe ƙirji kamar na shigo da gawa. Wanka kuwa taron dangi ake yi, ƙattin maza tsirara cikin kwarami ɗaya na ruwan zafi, suna hira. Na leƙa sau ɗaya na ce a ba ni bokiti. Kifi ɗanye suke ci. Shinkafarsu a dunƙule take kamar tuwon da ba a tuƙa ba, da tsinke biyu ake ɗauka, ni dai hannuna na sa. Abu ɗaya ya yi mini: wani wake mai yauƙi mai warin daddawa da suke ci da safe. Baƙi duk gudunsa suke yi, ni kuwa har na wasu nake haɗawa. Tsohuwar ta yafe mini maganar takalmi saboda waken nan.

Filin gidajen kuwa, da rana kasuwa ne, mutane da kyamarori. Amma ƙarfe biyar sai wani kiɗa mai sanyi ya tashi daga kan sanduna, kowa ya kama hanya. Sai ya rage gidajen duniya a tsaye, ƙofofi a buɗe, ba hayaƙi, ba kaza, ba kukan jariri. A cikin wasu an zaunar da mutum-mutumi kewaye da tukunyar da ba wuta. Mu magina mun saba gina ɗaki don a haihu a ciki, a yi faɗa, a mutu. Wannan karon muna gina wanda ba wanda zai taɓa kwana a ciki.

Alhamis ta zagayo. Da magariba Baba ya ba tsohon maigadin filin dabino. Mutumin ya karɓa da hannu biyu yana ta sunkuyawa. Washegari sai ga shi da kwalin alewa an naɗe da takarda mai ado. Mako na gaba ya ba wata mai shara, ta kawo masa tawul. Ashe su a wurinsu abin kunya ne a ba ka ka ƙi ramawa. Baba ya zauna yana duban tawul ɗin ya ce, "Wace irin ƙasa ce sadaka ba ta tafiya, sai ta dawo maka da goyo?"

Inna Dije kuwa ba ta zo ba. Ba ta zo makon farko ba, ba ta zo na biyu ba, ba ta sake zuwa ba.

Barci ya ƙaurace masa. Abinci sai ya taɓa ya ture. Aiki dai yana yi, don hannun ya san hanyarsa, soro ya tashi, azara ta hau, zankwayen saman soro suka tsaya. Amma riga ta soma rataya a jikinsa kamar a ƙusa. Ya daina zagina, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ran nan ya yi jiri a kan tsani, da ban tare shi da kafaɗa ba da shi ke nan. Likita ya duba ya ce bai ga komai ba.

Wata yamma bayan kiɗan nan ya tashi na neme shi na rasa. Na same shi cikin soron a zaune a ƙasa, ya fuskanci ƙofa. Na yi sallama, muryata ta dawo mini.

Ya ce, "Ta zo a daren nan da ya ɓace, Sule. Ta zo ba ta same ni ba."

"Baba, mafarki fa..."

"Tana can inda daren ya tsaya, tana jira. Dije ko Kaduna ba ta taɓa zuwa ba. Ina za ta san hanyar nan?"

A makon ne na tambayi mai masaukinmu, da hannu da ido, ina maƙabartarsu. Malam Sannu ya fassara mini amsar da kyar, yana duban ƙasa: su ƙona mamatansu suke yi. Na dubi Baba yana tafe yana dafa bango. Na ce a raina, wallahi ba a nan ba.

Na ja Malam Sannu gefe na ce, "Kai ka ɓatar da daren nan, kai za ka nemo shi. Ina ake kai su?"

Ya fara dariya, ya ga fuskata, ya bari. Na gaya masa komai. Ya ce ba a kai su ko'ina. Amma in mun koma ta hanyar da muka zo, za mu sake tsallake layin nan ta baya, ranar da muka tashi sai ta maimaita kanta. Rana za ta faɗi sau biyu da suna ɗaya.

Na ce, "To ran Alhamis za mu tashi."

Ya ce ba zai yiwu ba, ran Asabar za a buɗe soron, manyan mutane za su zo, an shirya Baba zai tsaya a ɗauki hoto. Shugabanninsa ba za su karɓi maganar mafarki ba.

Na gyara tsayuwa na ce, "Ashe ba ka sani ba? Al'adar maginan Zazzau ce tun kaka da kakanni, magini ba ya ganin ranar buɗe ɗakinsa. In ya gani, rufin sai ya rufto kan babban baƙo."

Ya dube ni. Rani biyu ya yi a birni, ya ci tuwon buɗe ɗaki tare da mu ya fi a ƙirga. Ya ce, "Kan babban baƙo?"

"Shi yake zaɓa."

Ya ce, "Al'ada mai nauyi. Dole in sanar da su yau." Allah ya saka wa mutumin nan.

Alhamis da yamma muna filin jirgin Tokiyo rana ta faɗi. Malam Sannu ya raka mu iya inda ake bari, ya damƙa mu hannun ma'aikata. Baba ya raba sauran dabinon gida biyu. Ya ce wannan na makon nan ne, wancan na wanda ya ɓace. Ya duba jama'a ya ce, "Wa zan ba wanda ba zai rama ba?"

Na miƙa hannu na ce, "Baba, duk duniya akwai wanda ya kai ni iya cin abu ba ramuwa?"

Bakinsa ya ɗan motsa. Ya zuba mini na makon nan, na cinye.

Daren farko gajere ne, kamar an gutsure shi. Kafin in gama gyara wuya gari ya waye, Baba kuwa ido biyu. Muka sauka Alaska da hantsi, na tambayi wani da hannu, ya nuna mini a jikin bango. Alhamis. Farar dabbar na nan da hannunta a ɗage, kamar tun ranar take jiranmu. Baba ya tafi alwala ya ba ni riƙon jakar. To, kun san hali. Ba yunwa nake ji ba, hannun ne kawai ya yi abin da ya saba. Na zare ɗaya na jefa aljihun hagu, na ɗaure jakar yadda take. Yana can bayan ƙofa biyu, ba abin da ya gani.

Jirgin Landan ba cika ya yi ba. Kujeru uku ne a layinmu, Baba a taga, ni a tsakiya, ta bakin hanya ba kowa. Wannan karon rana ba ta yi gardama ba. Gudu take yi ƙasa kamar an kira ta. Farin nan na ƙasa ya koma ja, jan ya soma komawa toka. Baba ya kwance jakar ya zuba dabinon a tafinsa. Na ce bari in yi alwala in dawo, in ya so ya sake ba ni.

Na tarar da layi a bayan gidan. Kafin in fito duhu ya shiga jirgin, ba a kunna fitilu ba tukuna. Na taho ina dafa kujeru. Saura kaɗan in isa sai na tsaya.

Akwai mutum a kujerata.

Ta baya nake hange. Gajeriya ce, ta rufe kai da bargon jirgi yadda matanmu suke yafa mayafi, ta ɗan karkata wajen Baba. Na ce na yi ɓatan layi. Amma ga hulata nan a maƙale a jikin kujerar gaba, inda na bar ta. Sa'an nan hancina ya jiyo wani abu. Jirgi ba shi da ƙamshin komai sai na roba da shayi. Wannan kuwa hayaƙin kara ne da man shanu, ƙamshin wani tsakar gida da na ci tuwo a cikinsa shekara da shekaru.

Na koma da baya da baya har ƙofar bayan gida, na tsaya ina karanto duk abin da na iya, har da wanda ban iya ba. Ban san iya tsayuwar da na yi ba. Wata ma'aikaciya ta zo ta yi mini alamar in zauna. Na nuna mata layinmu na girgiza kai. Ta je ta duba, ta dawo, ta kama hannun rigata ta ja ni kamar akuyar da aka sayo.

Ba kowa. Bargon na kan kujera a ninke. Baba ya jingina da taga yana barci, har da minshari, tafinsa a buɗe ba komai a ciki. A kan hannun kujerar da ke tsakaninmu kuwa ga ƙwallayen dabino, an tsotse su tas, an jera su kai da kai. Da danshinsu.

Na san abin da za ku ce. Wata tsohuwa ce 'yar Japan ta yi ɓatan kujera, aka ba ta dabino ta ci ta tashi. Ni ma abin da na yi ta gaya wa kaina ke nan, a kujerar bakin hanya, rabin jikina a waje, har gari ya soma wayewa a kan Ingila.

Baba ya farka ya yi miƙa har ƙasusuwansa suka yi ƙara. Ya dube ni ya ce, "Kai yaron nan, ka zauna kamar gunki, kira yarinyar can ta kawo abinci." Ya cinye nasa, ya jawo nawa.

Na daure na ce, "Baba, ta zo?"

Ya ce, "Ta yi faɗa. Ta ce na rame."

Ya ci gaba da tauna burodi da dasashi. Har na fara sakin numfashi. Sai ya ce, ko dubana bai yi ba, "Ta kuma ce in gaya wa Dogon Hannu saura ɗaya. Yana aljihun hagu."

Dabinon nan ban ƙara taɓa shi ba, ko rigar ban cire ba har Zariya. Alhamis ta farko da rana ta faɗi na je ƙofar zauren Baba na fiddo shi, na ba wani mai tura kura da ya fara wucewa, na tsaya na tabbata ya ci. Baba kuwa kuna ganinsa, malmala biyu yake tashi da ita yanzu, jiya ma ya zage ni a gaban surukina.

To, masu tambayar awa nawa, na ba ku lissafin Malam Sannu a sama, ku tara da kanku. In kuwa ni kuke tambaya, zuwa wuni ɗaya ne da ba shi da dare. Dawowa dare biyu ne, ɗaya namu, ɗaya na mai shi. Kuma don Allah, in mun haɗu a wurin ɗaurin aure, a ba ni goro kawai. Dabinon a miƙa wa na gaba.